Murhu da Duwatsu Uku: Yadda Ƙungiya Za Ta Samu Kuɗi ta Hanyoyi Dabam-dabam

Idan kuna cikin ƙungiyar mata, ko ta manoma, ko ta iyayen yara, ko kwamitin ajin yaƙi da jahilci, kun sha jin ana cewa, "Furoje ya tashi." Daga ranar sai taro ya ragu, a rufe littafin kuɗi, alli ya ƙare a rasa mai saye. Ba lalaci ne ke kashe irin wannan ƙungiya ba. Abin da ke kashe ta shi ne, duk kuɗinta daga hannu ɗaya suke fitowa.

An rubuta wannan bayani domin ƙungiyoyin sa-kai na ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Doso. Darasinsa ɗaya ne. Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya, sai an girka mata uku. Haka ƙungiya take bukatar hanyoyin kuɗi uku: abin da mambobi suka zuba, abin da sana'ar ƙungiya ta kawo, da abin da aka samu daga waje.

Me ya sa dutse ɗaya bai isa ba?

Ku duba abin da ya faru a ƴan shekarun nan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Faransa da Jamus da Tarayyar Turai sun dakatar da wani babban ɓangare na taimakon da suke ba Nijar. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, ba a ɗage takunkumin ba sai a watan Fabrairu 2024. A watan Janairu 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da take bayarwa a ƙasashen waje, sannan ta rufe hukumarta ta USAID a cikin wannan shekara.

Ba a Matankari ko Dumega aka yanke ko ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari ba. Ba a kuma tambayi wata ƙungiyar ƙauye ba. Amma duk aikin da ya jingina da waɗannan kuɗi ya ji a jikinsa. Mai ba da taimako yana iya zama mutumin kirki, sai dai shi ma akwai masu iko a kansa. Saboda haka Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ku fara da sanin abin da kuke kashewa

Kafin ku nemi kuɗi, ku zauna ku rubuta abin da ƙungiya take kashewa a shekara. Ku raba shi gida biyu.

1. Kuɗin tafiyar da ƙungiya. Su ne waɗanda ake bukata kowace shekara, ko da furoje ko babu: littattafai, alli, kuɗin motar wakili, gyaran ɗakin taro, ladan malamin karatu, man injin ban-ruwa.

2. Kuɗin babban aiki. Su ne waɗanda ake kashewa sau ɗaya: gina rijiya, gina ma'ajiyar hatsi, sayen injin niƙa, kewaye lambu da waya.

Ga ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci: kuɗin tafiyar da ƙungiya su fito daga cikin gida. Taimakon waje a bar shi ga babban aiki. Idan kuka bi wannan, ranar da taimako ya yanke gini ne kawai zai dakata, ƙungiya kuwa ta ci gaba da numfashi.

Dutse na farko: abin da mambobi suka zuba

Wasu kan ce, "Mu talakawa ne, me za mu tara?" Amsar tana nan cikin ƙasarmu. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri da matan karkara a jihar Maraɗi, wanda aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Ba a ba matan jari ba. Abin da aka ba su shi ne horo. Sun ɗauki al'adar adashe da suka sani, suka yi mata gyara.

Ga yadda tsarin yake. Mata kamar 15 zuwa 30 ke haɗuwa sau ɗaya a mako. Kowace ta zuba abin da aka amince. Ana sa kuɗin cikin akwati mai kwaɗo uku, mabuɗan kuma a hannun mata uku dabam-dabam, akwatin a hannun ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai bukata ta ci bashi na ɗan lokaci, ta yi sana'a, ta biya. A ƙarshen zango, wanda ba ya wuce shekara, sai a fasa asusu a raba. Wannan dabara ta bazu cikin Nijar, daga nan ta tsallaka ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya. Dabara ce da aka haifa a ƙasar Hausa, duniya ta koya.

Sai dai ku lura da abu ɗaya. Kuɗin asusu na masu zubi ne, za a mayar musu. Ba kuɗin ƙungiya ba ne. Don haka ku buɗe wata jaka dabam domin aikin ƙungiya. Ga hanyoyin cika ta:

• Kuɗin shiga, wanda sabon mamba ke biya sau ɗaya.

• Zubin mako. Misali, mutum 30, kowa ya ba da dala biyar a mako. A mako 52 za a tara jika 39.

• Zubin hatsi da kaka. Wanda ba ya da kuɗi a hannu yana da gero a rumbu. Idan mutum 30 suka ba da tiya biyu-biyu, an samu tiya 60. Tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100, ke nan an samu buhu ɗaya da rabi.

• Gonar ƙungiya. Ku nemi aron gona wajen maigari ko wani mamba, ku noma ta da gayya. Ku rubuta yarjejeniyar aron a gaban shaidu.

• Tarar makara da ta fashin taro, idan mambobi sun amince da ita.

Ku yanka zubin da mafi rauni a cikinku zai iya biya. Ƙaramin zubi da ake biya kullum ya fi babba da ake gudu. Ku kuma duba lokaci. Da kaka hannu a sake yake, amma a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, bai kamata a matsa wa kowa ba.

Dutse na biyu: sana'ar ƙungiya

Ƙungiyar sa-kai ba ta hana kanta sana'a. Bambancinta da ɗan kasuwa shi ne, ribar ba ta shiga aljihun mutum ɗaya, tana komawa ga aikin da aka kafa ƙungiya dominsa. Ga sana'o'in da suka dace da yankinmu.

Bankin cimaka. Ana sayen gero da kaka, lokacin da yake araha, a ajiye, a sayar wa mutanen gari a lokacin ƙunci da farashin da bai kai na kasuwa ba. An fara kafa irin waɗannan bankuna a ƙasashen Sahel bayan farin shekarun 1970. Amfaninsu ya fito fili a 2005, shekarar da hatsi ya yi tsada ƙwarai bayan ƙarancin ruwa da farar ɗango na 2004. Amma da yawa daga cikinsu sun mutu, kuma dalilan sanannu ne: an ba da hatsi bashi ba a biya ba, an sayar ƙasa da abin da aka kashe, ko mabuɗi ya zauna a hannun mutum ɗaya. Idan za ku yanka farashi, ku haɗa kuɗin saye, da na buhu, da na dako, da ladan mai gadi, da hasarar ƙwari, sannan ku ɗora ɗan ƙari. Ku sani kuma, ba kowace shekara ce farashi ke hawa ba. Idan damina ta yi kyau, ko hukuma ta fito da hatsi mai rahusa, riba kan ragu.

Jinginar amfanin gona. Ana kiran ta warantaji. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta taimaka wajen yaɗa ta a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990. Manoma kan zuba wake, ko gyaɗa, ko gero a ma'ajiya da kaka. A sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da bashi. Bashin ba ya kai cikakken darajar kayan. Manomi ya juya kuɗin a sana'ar rani, ya biya bayan wasu watanni, ya karɓi kayansa sa'ad da suka yi daraja. Ƙungiya kuwa ta karɓi ladan ajiya a kan kowane buhu. Wannan lada shi ne rabonta.

Lambu. Dallol Mawri ya ratsa Arewa daga arewa zuwa kudu, kuma a wurare da yawa cikinsa ruwa ba ya da zurfi. An san Dogon Dutsi da noman dankalin turawa a lokacin sanyi, ga kuma babbar hanyar da ta haɗa garin da Doso da Yamai ta yamma, da Birnin Ƙonni ta gabas. Ƙungiya na iya ware wani ɓangare na lambu domin asusunta. Tana iya kuma sayen iri da taki a dunƙule, ta rarraba wa mambobi da ɗan ƙari. Matsalar kayan lambu ita ce, kowa na girbi lokaci ɗaya, sai farashi ya faɗi. Ku nemi mai saye tun kafin ku shuka, kada kuma ku cika lambu da abu ɗaya.

Turka. A sayi rago watanni kaɗan kafin Layya, a ba wani mamba ya kiwata da harawa da dusa, a sayar gab da salla. Ku amince tun farko a kan rabon riba, da wanda zai ɗauki hasara idan dabba ta mutu. Kada ku manta da rigakafi.

Haya. Tabarmi, kujeru, manyan tukwane, amalanke da amsa-kuwwa, duk ana neman su ranar biki da suna. Jarin ba shi da yawa, kuɗin kuma na shigowa duk shekara.

Sarrafa amfanin gona. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, busasshen zogale, garin wake. Abin da aka sarrafa ya fi ɗanye daraja, kuma ya fi jimawa.

Kafin ku zaɓi sana'a, ku yi wa kanku tambaya huɗu. Wa zai saya? Wa ya iya aikin a cikinmu? Nawa za mu kashe, nawa za mu samu? Idan aka yi hasara, za mu iya ɗauka? Akwai kuma wani abin lura: kada duk sana'o'inku su dogara ga ruwan sama. Gonar gayya da zubin hatsi, fari ɗaya ke kashe su tare. Ku haɗa su da abin da bai damu da damina ba, kamar haya ko lambun rani. Ku fara da sana'a ɗaya, ta kafu, kafin ku ƙara ta biyu.

Dutse na uku: abin da aka samu daga waje

Idan aka ce taimakon waje, tunanin mutane kan tafi ga Turawa. Alhali kuwa na kusa sun fi yawa, kuma sun fi daɗewa. Ku bi su daki-daki, daga na kusa zuwa na nesa.

Ƴan gari da ke nesa. Kusan kowane gida a Arewa yana da ɗa a Yamai, ko Sakkwato, ko Legas, ko Kwatanu, ko Abijan. Akwai ƴan ci-rani, akwai ƴan kasuwa, akwai ma'aikata. Ku rubuta sunayensu. Ku naɗa wakili ɗaya a kowane gari. Kada ku ce musu, "Ku taimaki ƙungiya." Ku ce, "Muna bukatar kwanon rufi 20 domin ɗakin karatu, ga kuɗinsa, ga abin da muka tara." Yanzu da wayar salula da kamfanonin aika kuɗi, saƙo na isowa a yini ɗaya. Idan an gama aiki, ku aika musu da hoto. Lokacin salla, da suke dawowa gida, ku kira su taro su gani da idonsu.

Masu hali na gari. Ba kuɗi kaɗai ake roƙo ba. Mai mota na iya ɗauko muku siminti kyauta. Magini na iya ba da aikin yini biyu. Malamin makaranta na iya rubuta muku takarda. Duk wannan ku rubuta shi a littafi, ku yi masa kuɗi, domin a san darajarsa. Game da zakka kuwa, ku sani tana da waɗanda aka ware wa ita. Idan wani ya ba ƙungiya zakkarsa ta raba, ku ajiye ta dabam, ku tambayi malamai, ku kai ta ga masu haƙƙi. Ba a sayen alli ko biyan kuɗin mota da ita.

Ƙaramar hukuma da ma'aikatu. Gundumar Dogon Dutsi tana da ƙananan hukumomi shida. Tibiri, wadda aka ware daga cikinta a 2011, tana da huɗu. Ku kai kanku ofishin taku, ku sa a san da ku. Ku nemi a sa bukatarku cikin tsarin raya ƙaramar hukuma, domin masu furoje kan duba shi kafin su zaɓi gari. Ma'aikatan gona, na kiwo da na yaƙi da jahilci ba safai suke da kuɗin bayarwa ba, amma suna da shawara da horo, kuma su ke fara jin labarin sabon shiri.

Abokan arziki na ƙetare. Arewa ta san irin wannan zumunci. Garin Orsay na Faransa ya ƙulla abota da Dogon Dutsi, aka yi shekaru ana aiki tare a kan tsabtar gari, tare ruwan ambaliya da noman lambu. Garin Cesson-Sévigné ya yi haka da Dankasari, ta hannun ƙungiyoyin da suka haɗu ƙarƙashin sunan Tarbiyya Tatali. Abin koyi a nan shi ne, irin wannan zumunci ba ya ƙulluwa sai da ƙungiyar gida mai tsari, wadda ke riƙe aiki tana ba da rahoto.

Duk mai ba da taimako zai fara tambayar takardunku. A Nijar, dokar da aka kafa ranar 1 ga Maris 1984 ita ta shimfiɗa ƙa'idar kafa ƙungiyoyi. Ƙungiyoyin gama-kai na manoma kuwa, akwai dokar OHADA da ƙasashe mambobi suka amince da ita a 2010. Ku je ofishin hukuma ku tambayi takardun da ake nema a yanzu, domin ƙa'idoji kan sauya.

Takardar neman taimako ba sai ta yi tsawo ba. Ta amsa tambayoyi shida:

1. Ku su wane ne, kuma yaushe kuka kafu?
2. Wace matsala kuke so ku magance?
3. Mutum nawa za su amfana, maza nawa, mata nawa?
4. Nawa aikin zai ci?
5. Me ku kanku kuka kawo: kuɗi, yashi, tubali, ƙarfi?
6. Wa zai kula da aikin bayan taimako ya ƙare, kuma da wane kuɗi?

Tambaya ta biyar da ta shida su ne suka fi nauyi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Kuma ba kowane taimako ake karɓa ba. Idan an ba ku injin da ba ku da kuɗin mansa, babu kuma mai gyaransa a kusa, kaya aka ɗora muku. Kuna da ikon cewa, "Mun gode, amma ga abin da muka fi bukata."

Yadda za ku auna tsayuwar ƙungiyarku

Ga misali domin koyo. A ce wani kwamitin karatun manya yana bukatar jika 120 a shekara domin tafiyar da aji. Ya samo su kamar haka:

• Zubin mako: jika 39
• Hatsin da aka tara aka sayar: jika 36
• Hayar tabarmi da kujeru: jika 25
• Gudummawar ƴan gari da ke nesa: jika 20

Ku rufe layi ɗaya da yatsa, ku tambayi kanku: idan wannan ya ɓace, aji zai rufe? A wannan misali, ko da an rasa mafi girma, saura jika 81, wato fiye da kashi biyu cikin uku. Za a matse, amma ba za a rufe ba. Ku yi wannan gwaji da lissafin ƙungiyarku. Idan hanya ɗaya ce ke kawo fiye da rabin kuɗinku, to aikin bana shi ne neman wata. A shekara mai kyau kuma, ku ware wani abu ku ajiye, har ku tara abin da zai riƙe ku wata uku ba tare da shigar ko dala ba.

Amana ita ce jari

Duk hanyoyin nan uku abu ɗaya ke riƙe su, wato yarda. Mamba ba ya sake zubi, ɗan gari ba ya sake aike, idan ba su san inda na farko ya shiga ba. Ku kiyaye waɗannan ƙa'idoji:

• Mai riƙe kuɗi dabam, mai rubutawa dabam, mai ba da izinin kashewa dabam.
• A ƙirga kuɗi da babbar murya a gaban taro.
• A rubuta kowace shiga da kowace fita a ranar da aka yi ta, da kwanan wata.
• Shugaba ba ya cin bashin asusu a ɓoye, ko da zai biya gobe.
• Kuɗin da aka bayar domin rijiya, rijiya za a yi da su. Idan dole ta sa a sauya, a nemi izinin mai bayarwa.
• Idan kuɗi suka yi yawa, a kai su asusun ajiya wanda hukuma ta amince da shi, da sa hannun mutum biyu ko uku.
• Sau ɗaya a shekara a karanta lissafi gaba ɗaya a bainar jama'a, a kuma gode wa kowane mai bayarwa.

A nan ne karatun da kuke yi zai yi muku rana. Ƙungiyar da mutum ɗaya ne kaɗai ya iya karanta littafinta, ita ma a kan dutse ɗaya take zaune. Ku yi ƙoƙari a samu aƙalla mutum uku da za su iya duba lissafi, su haɗa, su ɗebe.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Nawa ƙungiyarku ta kashe bara, kuma daga ina kuɗin suka fito?
2. Wace hanya ce ta fi kawo kuɗi? Me zai faru idan ta toshe?
3. Waɗanne hanyoyinku ne fari ɗaya zai iya kashewa tare?
4. Su wane ne ƴan garinku da ke nesa, kuma yaushe rabon da ku ba su labarin aikinku?
5. Mutum nawa ne a cikinku suka iya karanta littafin kuɗi?

Ku kai waɗannan tambayoyi taronku mai zuwa. Ku zaɓi sabuwar hanya ɗaya da za ku fara kafin kaka, ku naɗa wanda zai bi ta, ku kuma sa ranar da zai kawo muku rahoto.